Kanibo na saman dal

Makon jiya ƙanin baban yara ya zo gaishe ni, muna cikin hira ya ce wai ko na ji an rushe kur ɗinmu na unguwar Ajame a Abijan? An tada shagunan waya a wurin, har da su gilashi. Na ce Allah sarki, na ci gaba da tsintar shinkafata. Sai da ya tafi gidan ya yi tsit sannan maganar ta zauna mini a ƙirji. Kuma abin kunya, duk mutanen da na yi zaman shekaru da su a wurin nan, waɗanda suka karɓi haihuwata, waɗanda muka yi faɗa muka shirya, ba ko ɗayansu ne ya fara faɗo mini a rai ba. Kare ne ya faɗo.

Yaran yanzu ba su san kur ba. Gidan haya ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, ƙofar fita ɗaya. Mu Hausawa muka fi yawa, sai Julawa kaɗan, sai wata 'yar ƙabilar Baule mai sayar da aceke, dambun rogon can, da kowa ke ce wa Tanti. In na rufe ido har yanzu ina jin safiyar wurin bi da bi. Butar Malam ce farko, tsohon da ke ɗakin bakin ƙofa, shi ke ja mana salla. Sai tarinsa. Sai bokitai su fara layi a famfo, kowanne da muryarsa, na roba daban na ƙarfe daban, ina kwance nake gane wadda ta yi tsallake. Sai turmin Tanti, sai yaran gbaka, motocin hayar garin, can bakin kasuwar Roksi suna kiran sunayen unguwanni kamar ana binsu da bulala. Ba a dafa abu a ɓoye, ba a kuka a ɓoye. In mutum ya yi zazzaɓi, kafin azahar kunu uku ya iso ƙofarsa. Yanzu ina bene na uku wurin ɗana, ƙofar ƙarfe, labule har ƙasa, ba abin da nake ji sai gurnanin firji. Maƙwabciyata ta haihu, a bakin mai gadi na ji, jaririn har ya fara zama.

Amma kada in yi ƙarya in ce daɗi ne zalla. A lokacin duk baƙo sai da katin sejur, takardar zama da ake sabuntawa. Baban yara kullum yana tashar jirgin ruwa wajen dilolin gwanjo, daga can ya kai kasuwar Bilak, don haka nasa ba ya mutuwa. Nawa ya mutu tun ina amarya, ya ce ke da ba ki zuwa ko'ina, me za ki yi da shi? Ba mugunta ba ce, yawancin mazanmu haka suka yi. Kuma gaskiyarsa ce, ni ko a Katsina ba mai yawo ba ce, a ba ni murhu da abokiyar hira an gama da ni. Sai dai zaman da mutum ya zaɓa da wanda aka zaɓa masa ba ɗanɗanonsu ɗaya ba. Polis kan tare bakin kasuwa su kwashe marasa kati a mota, sun taɓa kwashe wata 'yar Damagaram da goyonta, muka ga yadda ta dawo. Tun daga nan iyakata bakin ƙofa, inda nake zubar da ruwan wanki. Cefane Tanti ke haɗo mini da nata. Bakina dai bai mutu ba. Julanci a bakin famfo na tsince shi, da shi muke kwasar hira da ita, tana ce mini rediyon kur.

Da damina ne, irin ruwan Abijan da ke wuni ya kwana bai gaji ba. A gaban ƙofarmu akwai kanibo, babbar kwatar siminti da aka ɗora wa katako muna takawa. Da hantsi ruwa ya ɗan tsagaita na fito da bahon wanki, sai na ji wani kuka siriri a ƙarƙashin katakon. Wallahi jariri na ɗauka an yar, shi ya sa na durƙusa. Ashe kwikwiyo ne da ya ɗan tasa, ja-ja haka, an ɗaura masa waya a wuya har ta ci nama, wayar ta maƙale a ƙarfe, ruwa na dukansa, ƙafar baya ɗaya tana lilo. Ni da aka tashe ni in kare ya gifta a tattare zane. Na ɗaga kai ina duba ko wani zai zo. Ba kowa. Shi kuma ya daina kukan, ya zuba mini ido kawai. Na juye bahon na sa hannu.

Ina shigowa da shi tsakar gida ta ɗauki salati. Malam ya fito yana gyara hula.

"'Yar nan, mene ne wannan?"

"Malam, a kwata na same shi."

"Na ga alama. Ina za ki kai shi?"

Na ce ban sani ba. Ya daɗe yana kallon abin yana makyarkyata a cikin baho, sannan ya ce, "Ba mai hana ki lada. Duk mai rai in kika ji ƙansa Allah na gani. Amma nan," ya buga simintin da ƙafa, "nan muke sa goshi. Nan yara ke rarrafe, nan ake kife kwanuka. Ƙafarsa ba za ta taɓa nan ba."

Tanti daga ƙofarta ta ce, "A kai shi dal mana, Baba. Can ba mai salla sai ƙadangaru."

Malam ya so ya yi dariya ya danne. "Har ya warke," in ji shi.

"Har ya warke," na ce.

Dal shi ne rufin gidan, siminti shimfiɗe, da ƙarafan rodi a tsaye suna jiran ranar da mai ginin zai ƙara bene, sai tankin ruwa a gefe guda. Wata 'yar matakala ce ke kai wa can, mara abin riƙewa, wurin shanyarmu ne. A ka na ɗauki bahon na hau. Tanti ta datse wayar da filaya, ta ɗaure ƙafar da tsinken kara da tsumma, tana zagin wanda ya yi aikin da yarensu. Yarana da ke makarantar Faransanci suka sa masa suna Kanibo, sunan ya bi shi. Da baban yara ya dawo ya ji, ya zauna bakin gado ya riƙe kai. "Duk Roksi sai sun ji matata na kiwon kare." Na ce ai har ya warke ne. Ya kafa mini sharuɗɗa: kwanonsa daban, zanen hawa daban, in na sauko in wanke hannu da ƙafa kafin in taɓa tukunya. Na buga ƙusa a gindin matakala na rataye wani tsohon zane, shi nake ɗaurawa in hau, in cire in na sauko.

Ya warke, sai ɗan ɗingishi. Ba wanda ya tada maganar, ni ma ban tada ba. Haka shekaru suka bi ta kanmu.

Ba zan ce ya taɓa kama ɓarawo ba, ko ya ceci yaro daga wuta, irin abin da ake faɗa a kan karnuka. Bai yi wa kowa amfanin komai ba. Abin da ya iya shi ne hankali. In wata ta hau shanya sai ya koma kusurwa ya kwanta ya juya kai, bai taɓa kai baki ga zanen kowa ba, har matan da suka fi ƙinsa suka koma cewa wannan ya fi wasu 'ya'yan tarbiyya. Abincinsa kan kifi ne daga wurin wani ɗan Nijar mai sayar da garba, wato aceke da soyayyen kifi, a bakin layi, da ƙanzon tuwona. Bayan la'asar, in na sauke tukunya, sai in hau. Daga can ana ganin rufin kwanon Ajame duk ya yi tsatsa, ana hango dogayen gine-ginen Filato, unguwar ofisoshi, suna sheƙi. Sai in zauna a kan bulo, shi kuma ya ɗora haɓa a kan ɗan bangon da ya kewaye dal ɗin, mu yi ta kallo. Ni ce mai magana. Na gaya masa rasuwar mahaifiyata da ban samu zuwa ba. Na gaya masa yadda 'ya'yan da na haifa ke amsa mini da Faransanci in na yi musu Hausa. In muryata ta canja yakan ɗago kunne ɗaya. Wata rana Tanti ta hau kwashe shanya ta same mu haka, ta ce, "Ku biyun nan kamar fursunoni an fito da su shan iska." Na yi dariya har da hawaye. Ban ɗauke ta magana ba.

Sai wata shekara mai ginin ya samu hali. Muka wayi gari an juye yashi a bakin ƙofa, an fara sauke bulo. Wakilinsa, wani mai ƙaramin gemu da ke zuwa karɓar haya, ya tara mu ya ce bayan Lahadi magina za su hau, kowa ya kwashe igiyarsa. Ya dube ni.

"Madam, karen fa?"

Na ɗaga kai na dubi dal.

"Akwai masu saye a bayan tasha. In kin ga dama in turo su, ba sai kin wahala ba."

Na san masu sayen, kowa ya san abin da suke yi da su. Na dubi Malam, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Maganarsa tana nan inda ya ajiye ta, kuma ban ga laifinsa ba. Kwana biyu ban yi hira da kowa ba, abin da baban yara bai taɓa gani ba tun da ya aure ni. A na ukun yana cin tuwo ya ajiye loma ya ce, "Magazar da muke ajiye diloli a Tireshbil, can ƙetaren gada, mai gadin ya daɗe yana neman kare. Na yi masa magana, ya ce a kawo. Amma ki ji ni da kyau. Ni ba zan ja kare in ratsa Roksi ba. Direbanmu ya ce ba a motarsa ba. Gbaka ba za ta ɗauka ba. In kin iya kai shi, ga hanya nan." Ya faɗa ne don a ce ya yi nasa. Ya san inda katina yake, ya san inda ƙafata ta tsaya.

Na kai wa Tanti. Ta ce, "Lahadi, da ƙafa. Ni na san hanya."

Ashe hanya ba ita ce farkon wahalar ba. Na sa masa igiya na nufi matakala, yana zuwa bakinta ya toge, ya baje ƙafafu. Sai a lokacin na tuna a ka aka hau da shi, bai taɓa taka matakala ba tun da yake. Sauran kwanakin a nan suka ƙare. In maza sun fita kasuwa sai in ajiye kan kifi a mataki na farko, in zauna a ƙasa da shi ina lallashi. Ya miƙo wuya, ya ja baya, ya yi ɗan kuka. Masu sauke bulo suna ta dariya, ɗaya ya ce, "Madam, wannan ai ɗan sarki ne, a kawo masa lifta." Ban kula su ba. Da kaɗan da kaɗan ya fara sakko da ƙafafun gaba, na baya su biyo a karkace. Ranar Asabar ya kai mataki na ƙarshe, ya tsaya yana shinshinar tsakar gidan da ya shekara da shekaru yana jin muryarta bai taɓa takawa ba.

Lahadi da sassafe Tanti ta shigo ɗakina da zanenta, ta cire mini mayafi, ta ɗaura mini ɗankwali irin nasu.

"In an tsayar da mu, ke ƙanwata ce daga ƙauye, kuma kurma ce."

"Ni ce kurmar?"

"Na san shi ne mai wuyar. Ki daure, yini ɗaya ne."

Muka sakko da shi har gindin matakala, na tsaya ina tunanin yadda zan ɗauke shi, don ya yi girman da baho ba zai ci shi ba. Malam na zaune a ƙofarsa. Sai ya tashi a hankali, ya je inda magina suka tara buhunan siminti da suka juye, ya kwaso, ya riƙa shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, tun daga matakala har ƙofar fita. Ya koma ya zauna.

"Na ce ƙafarsa ba za ta taɓa ba," in ji shi. "Ban ce ba zai wuce ba. Allah Ya kai ku lafiya, 'yar nan."

Ban san wanda ya fi wani tsoro ba tsakanina da Kanibo. Ya manne da ƙafata har ina tuntuɓe da shi, duk hon sai mu zabura tare. A Roksi ga abokan baban yara suna buɗe rumfuna, mutanen da suka sha cin tuwona, na san muryar kowannensu. Ba wanda ya gane ni. Karen suke gani su kau da kai su tattare riga. Filato ranar Lahadi ba kowa, gine-ginen da nake hangowa suna sheƙi ashe a kusa fentinsu ya ɓare, gindinsu na warin fitsari. A bakin gada polis biyu suka ɗaga hannu. Tanti ta hau zuba Faransanci, ni na kafa ido a kan kunnen Kanibo. Ɗayan ya daɗe yana kallon fuskata ya faɗi wani abu, ɗayan ya amsa, suka kwashe da dariya, suka ce mu wuce. Sai da muka hau gada Tanti ta ce, "Na farkon cewa ya yi kin yi kama da Bahaushiya. Na biyun ya ce, ka taɓa ganin Bahaushiya na jan kare?" Na so in yi magana, ta ce kurma ba ta amsawa. Ga ruwa dama da hagu, ga iska tana ɗaga mini zane, ga jiragen da baban yara ke ambata kullum a tsaye can kamar unguwanni. Ni da shi muka tsaya, sai da Tanti ta ja mu.

Magazar fili ne babba da katanga, manyan motoci a gefe guda, ciyawa ta fito a tsagar siminti. Mai gadin tsoho ne Bamoshe, ya iya Julanci, ya tarbe mu da ruwa a kwano biyu, ɗaya namu ɗaya na kare. Ya duba ƙafar, ya duba tabon wuyan, ya ce, "Sake shi, Hajiya. Nan duk nasa ne."

Na kwance igiyar. Ya sha ruwa, ya ɗan yi gaba, sai ya tsaya cak a tsakiyar fili inda ba komai. Ya juya dama, ya ɗan tafi, ya sake tsayawa, ya juya. Haka ya yi ta yi har ya dawo inda ya fara. A zagaye na biyu na gane. Faɗin dal ɗinmu yake aunawa, har inda tankin ruwa yake yana kaucewa. Mai gadin ya jefa ƙashi can gaba, ya je iyakarsa ya tsaya, ya miƙa wuya yana kallon ƙashin, bai ƙara taku ba.

"Me ke damunsa?" in ji tsohon.

Tanti ta ce, "Bai san an buɗe ba." Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba.

"Zai koya. Ku dai ku tafi, kada ku waiwaya."

Na durƙusa na shafa kansa, na gaya masa abin da na gaya masa, na tashi. Filin da nisa kafin ƙofa. Mun kusa kaiwa na ji farce a kan siminti, da sauri, ɗaya na tsallake saboda ɗingishin. Na waiwaya. Ya bar wurin da ya shata wa kansa can baya, yana tahowa kunne a kwance, baki a buɗe, ƙafar nan tana jefawa gefe. Tun da na tsamo shi ban taɓa ganin gudunsa ba sai ranar, ashe haka yake da kyau. Na tsaya ina kallo kamar wata sokuwa.

"Rufe, Hajiya," in ji tsohon. "In ya fita titi mota ce."

Na fita na ja ƙofar. Na ji jikinsa ya daki ƙarfen ta ciki.

A hanyar komawa Tanti ta ce yanzu ba kare, sai in zama kurmar gaske in ɗaga ƙafa. Ban sha wahalar yin shirun ba. Washegari magina suka hau, ba a daɗe ba aka rufe saman, wasu 'yan haya suka tare a kanmu. Na sha cewa baban yara ya sabunta mini kati in je in gan shi, yana cewa in kasuwa ta gyaru. Wata rana da yamma ya dawo yana cire takalmi ya ce, "Karen nan naki fa ya zama ɗan iska. Ba ya zama wuri ɗaya, duk filin yake zagawa, har motoci yake raka wa bakin ƙofa."

Na ce alhamdulillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Na juya na ci gaba da tuƙa tuwo.